Ziyarar Tarkwa Bay da Hasumiyar Fitila ta Legas: Tambayoyin da Mutanen Katsina da Daura Suka Fi Yi

Duk baƙon da ya sauka wurina a Obalende daga gida, in ya huta ya ci tuwo, maganar farko ita ce a kai shi ya ga teku. In kuma na je Katsina hutun Sallah, masu shirin zuwa su ne ke tare ni a ƙofar gida bayan La'asar. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Wanda ba shi da lokacin karanta duka, ya karanta ta iyo da ta hawan duwatsu.

Ina ne Tarkwa Bay, kuma me ake zuwa gani a can?

Tsibiri ne a bakin mashigin tashar jiragen ruwa ta Legas, daidai inda ruwan cikin gari ke haɗuwa da tekun Atilantika. Mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa. Abu uku ke kai mutane can. Akwai gaɓar yashi da ke cikin lungu, wadda dogayen jerin duwatsu suka kare daga ƙarfin teku. Akwai duwatsun kansu, da suka miƙe cikin ruwa kamar ganuwa. Sai tsohuwar hasumiyar fitila, wadda gaɓar da ke bayan duwatsun ta samo sunanta daga gare ta, ana ce mata Lighthouse Beach.

Ga mutumin Arewa akwai na huɗu, wanda ni a ganina ya fi sauran: manyan jiragen dakon kaya masu shiga tashoshin Apapa da Tin Can ta gabanka suke wucewa. Wanda ya saba ganin kwantena ɗaya a bayan tirela a hanyar Jibiya, ranar zai ga ɗaruruwa an jibga a kan jirgi guda kamar an jera bulo.

Daga Katsina ko Daura ta yaya zan isa?

Tsakaninmu da teku ya haura kilomita 1,000. A mota, ka ware kwana guda cur, ko ta Funtuwa da Zariya ka bi, ko ta Kano. A jirgin sama, daga filin Malam Aminu Kano zuwa Legas kamar awa ɗaya da rabi ne, kuma mutanen Daura sun fi samun sauƙin bi ta nan. Na Katsina su tambayi jadawalin filin Umaru Musa 'Yar'aduwa tukuna, don yakan canza.

Kada ka haɗa ranar isowa da ranar zuwa teku. Jikin da ya kwana a kujerar bas ba ya son jijjigar ruwa. In masaukinka Agege ne ko Mile 12 ko Alaba Rago, ka fito da sassafe saboda cunkoso. Mai sauka Obalende ya huta, don tashoshin jirgin duk a kusa da shi suke.

A ina ake shiga jirgin, kuma tafiyar minti nawa ce?

Ana shiga a CMS da ke Marina, ko a Falomo cikin Ikoyi, inda tashar Five Cowries take (wuri biyar ke nan, irin kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi). Akwai kuma ƙananan wuraren shiga a gefen Victoria Island. Tafiyar ba ta cika wuce minti ashirin ba a kwale-kwale mai inji.

Tsarin kamar na tashar mota ne: ko ka jira jirgi ya cika, ko ku yi shata in kuna da yawa. 'Yan kamasho ma suna nan, da irin hayaniyarsu. Ka gama ciniki kafin ka sa ƙafa, ka tabbatar kuɗin na zuwa ne kawai ko har da dawowa, ka karɓi lambar matuƙin. Ku tsayar da lokacin komawa da sauran rana a sama, don hukumomi sun hana ƙananan jirage tafiyar dare. Sauran kuɗaɗen da za ka kashe suna cikin amsar abin da za a ɗauka, can ƙasa.

Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba. Akwai abin tsoro?

Akwai jijjiga, musamman inda aka gitta mashigin, ko in babban jirgi ya wuce ya bar igiyar ruwa a bayansa. Gaban kwale-kwalen zai ɗaga ya faɗo, ruwa ya fantsamo maka a fuska, wani ya yi salati da ƙarfi. Wannan duk ba komai. Wanda jiri ke ɗiba ya zauna tsakiya ko baya, ya sa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, ya bar danna waya. Kada a ci abu mai maiƙo kafin shiga.

Rigar kariya dole ce, kuma doka ce ta LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Legas. Sa ta daban, ɗaure ta daban. Na sha ganin Alhaji ya rataya ta a kafaɗa kan babbar riga kamar alkyabba, igiyoyi na reto. In aka faɗa ruwa a haka, rigar ce za ta taso, mai ita ya yi ƙasa. A ɗaure a tsuke, yara kuma a nemo musu daidai jikinsu. In matuƙi ya ce babu riga, ko ka ga ana ƙara mutane bayan kujeru sun cika, ka sauko kawai. Wani jirgin na zuwa.

Duwatsun nan halitta ce ko mutane suka jera su?

Mutane ne. Gaɓar Legas yashi ce da laka, ba ta da duwatsu irin na Dutsin-Ma. A da, yashi kan taru a bakin mashigin ya yi tudu a ƙarƙashin ruwa, manyan jirage ba sa iya shiga, sai su tsaya a waje ƙanana su yi ta jigilar kaya da mutane, ana asarar rayuka a wajen tsallakewa. Turawan mulkin mallaka suka fara jera waɗannan duwatsu wajen 1908, ana fasa su a yankin Abekuta ana kawowa ta jirgin ƙasa, aka yi ganuwa a gabas da yammacin mashigin, aka yashe tsakiya. A 1914, shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa, babban jirgin wasiƙu ya iya shiga tashar Legas. Lungun da ake wanka a ciki yau, wannan aikin ne ya haifar da shi.

Gyaran wani kuma ɓarnar wani. Teku a wannan gaɓa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Da ganuwar ta tare hanya, yashi ya riƙa taruwa a gefen hasumiya, gefen gabas kuma, wato gaɓar Bar Beach, ya rasa mai ciko, teku ta yi shekaru tana cinye shi har tana haurowa titi. Dogayen benayen Eko Atlantic da za ka hango a tsallake, a kan yashin da aka cike wurin da shi aka gina su, da tasu sabuwar ganuwar duwatsun.

Ana iya hawa kan duwatsun a ɗauki hoto?

Ana hawa, kuma nan ne hoto ya fi kyau. Amma ka karanci launin dutse kafin ka taka. Busasshe mai haske, ruwa bai kai shi ba. Mai duhu, raƙumin ruwa ya dake shi ɗazu kuma zai dawo. Kore mai gansakuka kuwa ya fi sabulu santsi. Can ƙasa-ƙasa akwai ƙananan ɓawo manne da dutsen masu kaifi kamar reza, su ne ke yanka tafin hannu idan mutum ya zame ya dafa.

Wani ɗan yayata da ya zo daga Daura ya hau da farar shadda da takalmin fata sau-ciki, sabo fil. Na ce ya cire, ya ce, "Kawu, mi zai faru? Ni da ke hawan dutsi tun ina yaro." Ya juya wa teku baya, ya ɗaga waya yana gyara hula. Raƙumi ɗaya ya zo wanda ya fi na bayansa, bai ma kai masa gwiwa ba, amma ya share ƙafafunsa. Allah ya kiyaye ya faɗa tsakanin duwatsu biyu ta gefen lungu. Muka ciro shi da yanka a gwiwar hannu, takalmi ƙafa ɗaya, waya kuwa har yau tana can. Da ta ɗaya gefen ya faɗa, da wani labarin ake yi.

Saboda haka: takalmin roba mai kama ƙasa, hannu biyu a sake, fuska na kallon ruwa. Ka tsaya ka kalli tashin ruwan na wasu mintuna kafin ka matsa gaba, don ba girmansu ɗaya ba. Yara ba sa hawa. A duba kuma amsar cikowar teku.

Na iya ruwa, tun ina yaro nake iyo a dam. Zan iya shiga?

Kai ne wanda na fi jin tsoro a kansa. Wanda bai iya ba, iyakarsa idon sawu, ya jiƙa ƙafa ya koma rumfa. Gwanin Zobe ko Ajiwa ko Sabke shi ke cire riga ya ruga. Ruwan dam a kwance yake, in ka gaji ka juyo ka dawo yadda ka tafi. Teku kuwa tafiya take yi, ko da ka ga samanta lumui.

Ga yadda abin yake. Raƙuman ruwa suna ta turo ruwa zuwa gaɓa, kuma dole ruwan nan ya koma. Sai ya nemi wata 'yar hanya, sau da yawa a gefen duwatsu ko inda yashin ƙasa ya yi rami, ya bi ta nan da gudu zuwa ciki kamar kwata bayan ruwan sama. Abin yaudarar shi ne, wurin ya fi ko'ina kama da kwanciya: raƙumi ba ya fashewa a nan, ruwan ya ɗan yi duhu, kumfa da tarkace na tafiya ciki maimakon fitowa. Baƙo sai ya ce ga wuri mai lafiya. In ta ɗauke ka, ba ƙasa take jan ka ba, nesa da gaɓa take kai ka. Mai kashewa ita ce gajiya, don mutum na ƙoƙarin komawa kai tsaye ta inda ruwan ke fitowa. Ka kwanta a kan ruwan ka huta, ka ɗaga hannu a gan ka, sannan ka yi iyo ta gefe, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga hanyarta, kana ka nufo tudu. In wani ne ta ɗauka, kada ka bi shi hannu rabbana. Ka yi kururuwa, a jefa masa abin da ke iyo, a kira 'yan wurin. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

A cikin lungun Tarkwa, inda duwatsu suka kare, ana shiga zuwa ƙugu ko ƙirji, kusa da mutane. A gefen hasumiya kuwa teku ce tsagwaronta, ba abin da ya tare ta. Can kallo ake zuwa yi. Za ka ga yaran tsibirin suna sulu a kan allo cikin raƙuman ruwa kamar wasa. A nan aka haife su.

Goggo ta ce 'yan ruwa ke jan baƙi. Gaskiya ne?

Ba zan yi gardama da Goggo ba, kuma mutanen bakin teku ma suna da irin nasu labaran. Ka yi addu'arka kafin ka shiga jirgi, wannan ba a wasa da shi. Abin da idona ya gani dai, inda ake cewa "ruwa ya ja shi", in ka duba, irin hanyar nan ce da na bayyana a amsar iyo, kuma tana da alamar da ake gane ta.

Me ake nufi da teku ta ciko ko ta janye?

Sau biyu a yini da dare ruwan ke hawowa, sau biyu yana sauka, tsakanin cikowa da cikowa awa 12 da kusan minti 25. Kowace rana kuma lokacin na ƙara jinkiri da kamar minti 50. Jan wata ne ke yin wannan, rana na taimaka masa. A Legas bambancin bai fi kamar mita ɗaya ba, amma a shimfiɗaɗɗen yashi mita ɗaya na cin fili mai yawa. Tabarmar da ka shimfiɗa a busasshen wuri da hantsi, da Azahar tana iya zama cikin ruwa.

Mu da ke lissafi da watan Musulunci mun samu sauƙi a nan. Cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, ta fi rauni wajen bakwai da ashirin da biyu ga wata. Mai niyyar hawan duwatsu ya tambayi matuƙi ko ruwan hawa yake ko sauka.

Mene ne amfanin hasumiyar, kuma yaya take aiki?

Tun wajen 1890 take tsaye, wato ta girmi duwatsun, ta girmi Najeriya a matsayin ƙasa ɗaya. Bakatsine zai fahimce ta da sauri in ya tuna Gobarau. An ce daga saman Gobarau, mai tsawon kamar mita 15, ake hango masu tahowa daga nesa. Wannan kuwa an gina ta ne don na nesa ya hango ta. Gaɓar Legas shimfiɗe take, babu tsauni, babu alama. Da dare matuƙin da ya taso daga Ingila ba shi da abin da zai nuna masa bakin mashigi sai wannan fitila.

Tsayin yana da dalili. Saboda duniya a dunƙule take, mutumin da ke tsaye a bakin ruwa ba ya ganin abin da ya wuce kamar kilomita biyar a kan teku. Daga tsayin mita 30 kuwa ido na kaiwa kusan kilomita 20. Sai kuma gilashi. Fitila ita kaɗai watsa haske take yi ko'ina. Wani Bafaranshe, Augustin Fresnel, ya ƙera gilashi mai zobba-zobba a shekarun 1820, wanda ke tattara hasken ya harba shi wuri ɗaya, aka riƙa sa irinsa a hasumiyoyin duniya. Kowace hasumiya kuma da salon ƙiftawarta, an rubuta a taswirar matuƙa, ta yadda mai ƙirga daƙiƙoƙi tsakanin walƙiya da walƙiya zai san ko gaban Legas yake ko gaban Ankara ta Ghana. Yau jirage na tafiya da GPS, amma na'ura na mutuwa, shi ya sa ƙasashe ba su rushe nasu ba.

Ana barin mutum ya hau samanta?

Kada ka sa rai. Kayan gwamnati ne, ba wurin wasa ba, kuma tsohon gini ne da iskar gishiri ta daɗe tana ci. Daga gaɓar Tarkwa 'yar tafiya ce a ƙafa cikin yashi, gara a nemi ɗan wurin ya yi rakiya a ba shi na goro. In ka tarar da masu gadi, ka yi sallama ka nemi izini kafin hoto. Haka kuma kada ka ɗaga waya kan sojojin ruwa, ko jiragensu, ko wurin sauke mai na Atlas Cove da ke kusa. Dalilin tsaurin yana cikin amsar kwana.

Wane lokaci ya fi dacewa a shekara?

Daga Nuwamba zuwa Maris. Damina a Legas na farawa tun muna fama da zafin bazara a gida, ta fi ƙarfi a Yuni, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba, kuma a watannin nan teku ta fi fushi. A Disamba da Janairu hazon hunturu kan kai can, ba kamar namu ba, amma yakan dushe hoto. Zafinsu na gumi ne, ba ya bushewa a jiki. Iska na kaɗawa ba ka jin rana, sai da dare wuya da kafaɗa su fara raɗaɗi.

Wurin ya dace a je da iyali?

Ya danganta da rana. Asabar da Lahadi da yamma, da ranakun hutu, musamman ƙarshen Disamba, wurin na cika da kiɗa, da masu shan giya, da shigar wanka irin wadda Hajiya ba za ta so yara su gani ba. Gara in faɗa tun yanzu. Talata ko Laraba da safe kuwa, sai ka ga kusan ku kaɗai ne da masunta. Ku kama rumfa a can gefe.

Mata na shiga bakin ruwa da suturarsu, ba mai cewa komai. Sai dai dogon hijabi da zani in sun jiƙe suna nauyi, suna naɗe ƙafa, don haka iyaka gwiwa, a cikin lungu, a riƙe hannun juna. Kowane yaro a damƙa shi ga babba ɗaya da sunansa. "Ai muna kallonsu" na taron mutane shi ne ba mai kallo.

Ana alwala da ruwan teku? Sallah fa?

Ana yi. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik: da aka tambayi Annabi (SAW) game da teku, ya ce ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta kuma halal ne. Ka dai kurkure baki a hankali, don gishirin ya wuce yadda kake zato. Ka zo da dardumarka. Alƙibla daga Legas gabas ce maso arewa, ta fi karkata arewa kaɗan fiye da yadda muka saba a gida, kuma lungun na rikita mutum, don haka a duba waya. Matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba yana ƙasaru, kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka karantar.

Me zan ɗauka, kuma me zan biya a can?

Bayan kuɗin jirgi akwai na shiga, akwai na rumfa da kujera, kuma komai na tsibiri ya fi na gari tsada tunda a jirgi aka kawo shi. Farashi na canzawa, ka tambaya kafin ka zauna, ka taya kamar yadda za ka taya a kasuwar Charanchi. Riƙe tsabar kuɗi ƙanana, kada ka dogara da turawa ta waya.

Ruwan sha mai yawa, kayan canji, tawul, hula, filasta da maganin wanke ciwo. Waya a cikin leda mai zif, don ruwan gishiri in ya shiga ba ta tashi. Dambun nama da ƙilishi da gurasa sun fi shinkafa da miya jure yini. Ana samun gasasshen kifi da kwakwa a can. Babbar riga da agogon biki a bar su a masauki. Ledojinku ku dawo da su, wurin na fama da sharar da ruwa ke kawowa daga gari, ba ya buƙatar ƙari.

Ana kwana a tsibirin?

Akwai masu kafa tanti, amma ban ba baƙo shawara ba. A Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna wurin, bisa zargin fasa bututun mai da ke bi ta yankin, abin da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka yi ta suka a kai. Tun daga nan harkar tsaro a wurin ta ƙara tsauri. Ga shi dare ya yi babu jirgi, babu babban asibiti. Ka je da safe, ka dawo La'asar.

Wace tsaraba ake kawowa daga teku?

Yara ɓawon katantanwa da na ƙumba suke so, ana tsinta a yashi bayan ruwa ya janye. A duba ciki tukuna, wani da ƙaramar ƙaguwa a ciki, in ta mutu a jaka warin sai ya kori mutanen bas. Tsofaffi kuwa ruwan suke aike. Ba a taɓa rasa mai cewa, "Don Allah ɗan nan, ka ɗebo mani ko gora ɗaya." Ka ɗebo, amma ka gaya musu ba na sha ba ne: kowace lita tana ɗauke da gishiri kamar giram 35, ga kuma man jirage da dattin gari a bakin mashigi. In jirgin sama za ka hau, gorar ta shiga babbar jaka, a naɗe murfin da leda. Innata tata gorar na nan kan kabad shekara uku ke nan, yashin ya kwanta a ƙasa, duk baƙuwar da ta shigo sai an girgiza mata ta gani.